Baba Saje da Nakiya ta Tara

Ƙarfe shida da rabi na safe, kafin mai shara ta iso, kafin wani malami ya sa hannu a rajista, Baba Saje ya riga ya buɗe ƙaramar ƙofar makarantarmu ya jingine kekensa a jikin ɗakin gadi. Ba ya zama, ba ya ko ɗaukar tsintsiya tukuna. Sai ya goya hannuwansa a baya, ya sunkuyar da kai, ya fara tafiya a hankali kamar wanda allura ta suɓuce wa. Ya bi gaban azuzuwa, ya bi bayansu, ya ratsa filin ƙwallo, ya zagaya gindin famfo. In ya ga gwangwani, ko guntun waya, ko wani wuri da ƙasa ta ɗan yi tudu, sai ya tsuguna ya daɗe yana kallo kafin ya taɓa. Sai ya gama zagayen nan kaf sannan zai buɗe babbar ƙofa. Ko ruwan sama ake yi, ko yara sun taru a waje suna ta bugun ƙofa, shi dai ba ya buɗewa sai ya gama.

Shekara goma sha takwas yana haka. Shida daga ciki a idona aka yi, tun da aka kawo ni shugabancin makarantar. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Amma gaskiya ba ajiye aikin ne kaɗai ya sa ba. Akwai abin da ya faru mako bakwai da suka wuce, kuma ina ganin alhaki ne a kaina in faɗa da bakina, har da ɓangaren da ba ya yi mini daɗin faɗa.

Mu dai a makaranta mun san shi da sajensa, fari tas, ya sauko har gefen baki, kullum a gyare. Kowa ya ɗauka don shi ake ce masa Saje. Kunnensa na dama ba ya ji, sai ka zagayo ta hagu ka ɗaga murya. Hannunsa na hagu yatsu biyu ne kawai suka rage, babban yatsa da manuni. Labarin yatsun nan kuwa kowa da nasa. Wasu suka ce injin niƙa ne, wasu suka ce haɗarin mota. In yara suka tambaye shi, sai ya kalli hannun kamar yanzu ya lura, ya ce, "Af! Na manta su a wajen aiki." Su yi ta dariya.

Mu ma manya muna yi masa dariyar, tamu ce dai ba ta da kyau. In malamin lissafi ya hango shi ta tagar ɗakin malamai yana zagayen safe, sai ya ce, "To, Baba ya fita neman abin da bai yar ba." Ni ma na sha darawa. Haka nan in an tashi yara, yana da wata tsiya ta sai kowane aji ya fita a layi, kowane yaro ya dafa kafaɗar na gabansa, ba gudu, ba ture-ture. In ya busa usur sau uku, ko'ina yaro yake sai ya tsaya cak ya nemi layinsa. Ya mayar musu da shi wasa, suna so, mu kuma muna ganin tsufa ne da son mulki.

A can bayan makaranta, kusa da aji ɗaya, akwai wani fili da tsohuwar katanga ta taɓa rushewa a kai. Baba Saje ya zagaye shi da shingen ƙaya mai kauri, shi ke ba shi ruwa, shi ke gyara shi. Ko ƙwallo ta faɗa ciki ba ya bari yaro ya shiga, da doguwar gora yake zaro ta. Da aka ba mu izinin ƙara azuzuwa biyu, ni kuma na ga babu inda ya fi dacewa kamar wannan filin, sai na ce a sare ƙayar.

Washegari ya same ni a ofis, ya cire hula ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Malama, ina da magana a kan wajen nan na baya."

"Ina ji, Baba, amma yi sauri, ana jirana a taro."

"Kar a haƙa wurin sai an kira masu dubawa. Akwai abin da aka binne a ƙasa."

Ina tattara takardu ina jin sa da rabin kunne. Na ɗauka asiri yake nufi, ko aljanu, irin maganganun tsofaffi. Na ce, "Haba Baba! Da girmanka? Mu nan ilimi muke koyarwa. In lambunka kake tausayi, zan ba ka wani wurin ka shuka ƙayarka."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, na riga na rataya jaka. Bayan kwana biyu ya dawo da wata ambulan mai ruwan ƙasa, duk ta ji jiki, ya miƙo da hannu biyu. Ya ce, "Don Allah, Malama, ki karanta, akwai inda za ki sa hannu." Na ce to, na jefa a durowa. A raina na ce roƙon ƙarin wa'adin aiki ne, tunda ya san ritaya ta matso. Ya sake tuna mini sau biyu a mako guda. Na uku sai raina ya ɓaci, na rubuta masa takardar gargaɗi, na ce aikinsa ƙofa ne, ba ruwansa da wajen gini.

Ranar Talata leburori suka fara haƙa ramin tushen gini. Abin da ya faru a wurin daga bakin babban maginin na ji, domin ni ina ofis. Ya ce tun da suka fara, tsohon ya bar ƙofa ya zo ya tsaya a kansu, yana kallon bakin kowace diga. Har suka fara tsokanarsa, suna cewa ko ya binne tukunyar zinariya ne a raba da su. Wajen ƙarfe goma da rabi, digar wani lebura ta bugi ƙarfe. Ya share ƙasar da hannu, ya ga wani abu dogo mai tsatsa, kamar tulun gas ƙarami, da ruɓaɓɓun wayoyi a jikinsa. Ya yi murna ya samu ƙarfen sayarwa, ya ɗaga diga zai ƙara masa ɗaya don ya ɓanɓaro shi.

"Kai! Tsaya a yadda kake!"

Magini ya ce shekararsa talatin yana aiki da mutane masu tsawa, bai taɓa jin murya irin wannan ba. Ni ma daga ofis na ji ta, ban kuwa gane ta ba. Leburan ya sandare da diga a sama. Baba Saje ya tako a hankali, ya karɓi digar daga hannunsa ta baya, ya ce da shi cikin sanyin murya, "Ɗana, kar ka juya. Ja da baya, ka sa ƙafarka inda ka cire ta. Yauwa. Ɗaya. Yauwa." Haka ya fitar da su su shida, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya busa usur sau uku.

Na fito a fusace, da niyyar in tambaye shi wa ya ba shi izinin tashin yara ana tsakar darasi. Abin da na gani ya tsayar da ni a baranda. Yara ɗari shida da 'yan kai suna fitowa daga azuzuwa a layi, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa, shiru, wasu har da murmushi don sun ɗauka wasan da suka saba ne. Aji ɗaya ya fara fitarwa, ta ƙofar gaba, nesa da ramin. Malamai suna biye da su baki buɗe. Malamin lissafi ya ce ya duba agogo, minti huɗu da rabi makarantar ta zama wayam.

Na isa gare shi ina haki. Na ce, "Baba, mene ne haka?"

Bai cire hula ba wannan karon. Ya kalle ni ido cikin ido ya ce, "Malama, nakiya ce. Ki kai yara filin da ke bayan asibiti, ki ƙirga su aji-aji. Kar kowa ya dawo ɗaukar jaka. Ki kira wannan lambar, ki ce Saje ya ce an samu ta tara."

Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihun gaba ya ba ni. Sai da na buga lambar sau uku kafin ta shiga. Na ce, "Kai fa? Taho mu tafi."

"Awaki na shigowa ta ɓarakar katanga. In ba kowa a nan, ɗaya za ta taka."

Ya ɗauko kujerarsa ta roba ya ajiye daga nesa kaɗan da ramin, ya zauna da gorarsa a hannu. Awa biyu da rabi yana nan cikin rana.

A filin bayan asibiti iyaye suka fara tururuwa, labari ya riga ya zaga gari. Mata na kuka suna laluben 'ya'yansu cikin layi. Wani uba ya zo ba takalmi, da almakashin ɗinki a hannu, ya manta bai ajiye ba. Ni kuwa ina ƙirga yara ina ɓata lissafi, in sake daga farko. Tagar aji ɗaya taku goma sha biyu ce daga ramin nan, kuma yara hamsin da uku ne a ciki da safen nan. Lissafin da ya yi ta yawo a kaina ke nan.

Da motocin sojoji suka iso, aka kira ni bakin ƙofa a matsayina na shugaba. Daga motar gaba wani Kanar ya sauko, babban mutum mai furfura, sojoji na ta ƙame masa. Na matsa zan yi bayani, ko kallona bai yi ba. Ya wuce kai tsaye wajen mai gadinmu, ya tsaya a gabansa, ya buga ƙafa, ya sara masa. Ya daɗe a ƙame, har sai da Baba Saje ya miƙe a hankali ya ce, "Sauke hannu, Karkarwa. Ashe ka yi tumbi."

Kanar ya yi dariya, idonsa kuma ya kawo ruwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ashe tana nan."

"Tana nan. Na gaya muku tana nan."

Malamin lissafi da ke gefena ya ce a hankali, "Malama, wai sajen nan ba na gemu ba ne?"

Sojojin ba su iya ɗaga nakiyar ba, sun ce ta tsufa, motsi kaɗan zai iya tayar da ita. Suka jera buhunan yashi suka zagaye ta, aka kwashe mutanen gidajen kusa, aka tayar da ita a inda take. Muna can bayan asibiti muka ji ƙarar. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarmu, tsuntsaye suka watse daga bishiyoyi, yara suka rungume juna. Da aka bar mu muka shiga, na ga ramin da ƙaramar mota za ta shige ta ɓace. Gilasan aji ɗaya babu ko ɗaya, bangon gefen ya tsage daga sama har ƙasa, wani guntun ƙarfe ya huda allo ya maƙale a ciki. Wannan fa da buhunan yashin ke nan. Na tsaya ina kallon 'yan jakunkunan yara a kan benci, duk ƙura da gilas, sai kawai na ji ni zaune a ƙasa.

Kanar ne ya ba ni labarin a ofishina, bayan an ba ni ruwa na sha. Ni baƙuwa ce a garin, yawancin malamaina kuma yara ne. Mun san dai an yi shekara biyu 'yan bindiga na riƙe da garin, shekara ashirin da biyu da suka wuce, amma a wurinmu labari ne na da. Kanar ya ce da aka kore su, kafin su gudu sai da suka bi makarantu suka dasa nakiyoyi, don ko an buɗe kar wanda ya yi ƙarfin halin shiga. Ƙungiyar mutum biyar aka ba aikin share su, Saje ne shugabansu, shi Kanar a lokacin sabon hafsa ne da aka haɗa da su ya koyi aiki. Hannunsa na rawa in ya kama wayar nakiya, shi ya sa Saje ya raɗa masa Karkarwa. Makaranta talatin da ɗaya suka share a wata goma sha huɗu, da rarrafe, da tsinke, taku bayan taku.

"Makarantarku ce ta ƙarshe," in ji shi. "An samu takarda a aljihun ɗaya daga cikin waɗanda suka dasa, an rubuta tara a gaban sunan makarantar nan. Muka samu bakwai lafiya. Ta takwas tana ƙarƙashin teburin shugaban makaranta."

Ya kalli ƙasa. Sannan ya sa ƙafa ya ture gefen dardumar da na shimfiɗa a ƙarƙashin teburina. Akwai wani faci a daɓen wurin, simintinsa ya fi sauran duhu. Don shi ma na sayi dardumar, ina ganin ya ɓata mini ofis.

"Nan ne. Kofur Dogo a nan ya rasu. Yatsun Saje da kunnensa ma a nan suka tafi."

Shekara shida ina ɗora ƙafata a wurin nan ina shan shayi. Shekara shida mutumin nan yana shigowa ɗakin nan ya cire hula, ya tsaya daga bakin ƙofa, ni kuma ina ganin ladabi ne ya hana shi ƙarasowa.

Ta tara kuwa ba a same ta ba. Ruwan sama ya rushe katangar baya a kan filin tun kafin su zo, ɓaraguzan cike da guntayen rodi, na'urar gano ƙarfe na ta kuka ko'ina aka sa ta. An zo an duba sau biyu, ba a ga komai ba, aka ce mai takardar ne ya yi kuskuren lissafi, aka rufe fayil. Saje yana gadon asibiti ya ce bai yarda ba. Da aka sallame shi daga soja, ya zo wajen tsohon shugaban makarantar nan, wanda ya rasu kafin zuwana, ya nemi aikin gadi.

Da Kanar ya fita na jawo durowa na buɗe ambulan. Kwafin rahoton Baba Saje ne na wancan lokaci, da zanen makarantar da ya yi da hannunsa, ya sa jan alƙalami a kan filin baya. A sama kuma akwai takardar neman a turo masu dubawa kafin a yi gini. Ya je bariki da kansa a kan keke, aka ce masa sai da sa hannun shugabar makaranta. Ya cike komai da rubutunsa mai kyau, ya yi 'yar alama da fensir a inda zan sa hannu. Kwana goma sha tara tana cikin durowata, a ƙarƙashin kwalin alli.

Mai shararmu, dattijuwa ce da ba ta cika magana ba, ita ta same ni a haka. Ta ajiye tsintsiya ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce, "Malama, ni ina garin nan lokacin. Ba ki san yadda muka zauna ba. Rediyo sai a ƙarƙashin bargo. Mace ba ta isa ta je kasuwa ba. Maƙwabcinmu magana ɗaya ya faɗa a bakin shago, har yau ba a ga gawarsa ba. Littattafan 'yata a ƙarƙashin murhu na binne su. Ranar da aka ce an buɗe makaranta, na tono su na kakkaɓe, na riƙo hannunta muka zo. Yanzu ita ce ke karɓar haihuwa a asibitin can. An ce mana sojoji sun share, shi ke nan. Ashe wanda ya share ɗin ne nake yi wa faɗa kullum a kan ya ajiye kekensa inda nake shara." Ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

Da la'asar na je gidan Baba Saje. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, tsaf, komai a mazauninsa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta shimfiɗa mini tabarma. Na durƙusa a gabansa. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

"Tashi, Malama, tashi. Ai ni ma da laifina. Baki ne ba ni da shi. Mu an koya mana mu rubuta rahoto mu miƙa, ba a koya mana jayayya da na sama ba."

Inna ta ce daga bakin ɗaki, "Da ni dai ka iya jayayya." Ta juyo gare ni. "Yayana ya ba shi shago guda ya riƙe, ya ƙi. 'Ya'yansa sun ce ya zo su zauna tare ya huta, ya ƙi. Na yi fushi, na yi yaji, na dawo. Kullum maganarsa ɗaya, saura ɗaya. Har na fara zaton ƙarar nan ta taɓa masa kai."

Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai, sai da na yi ta. Na ce, "Baba, shekara goma sha takwas yara na wasa kusa da abin nan. Me ya hana ka fito ka faɗa wa gari kowa ya ji?"

Ya daɗe yana murza yatsunsa biyu. Ya ce, "Na rubuta sau shida, an ce babu. Ni kaina wani lokaci sai in ce ko babun ne. To in na tsaya a kasuwa na ce akwai, ba ni da abin nunawa, washegari wace uwa ce za ta kawo ɗanta? Malama, wanda ya sa abu a ƙarƙashin teburin malami ba ni yake nema ba. So yake ko bayan ya tafi, mutane su ci gaba da yi masa biyayya don tsoro. In makarantar nan ta rufe, ya samu abin da yake so, Dogo kuma ya tafi a banza. Sai na ce bari in tsare wurin, yara su yi karatu." Ya ɗago kai. "Ban sani ba ko na yi daidai. Wallahi ban sani ba. Yau da digar nan ta sauka, da ba ni da amsar da zan ba Allah."

Ni dai na san wadda ta ajiye takarda kwana goma sha tara ba ita ce za ta yi masa hukunci ba.

Baba Saje, kai ne ka shiga ɗakunan da kowa ke gudu, ka shiga da gwiwa da tafin hannu, don 'ya'yan mutanen da ba su san sunanka ba su shiga da gudu suna dariya. Kai ne ka bar yatsunka a ƙarƙashin teburina, ka dawo kana gaishe ni da hula a hannu. An sallame ka daga aiki, kai ba ka sallami kanka ba. Na ba ka takardar gargaɗi ka karɓa da hannu biyu ka ce na gode, washegari ka saɓa mata don ka ceci yaran da aka damƙa mini amanarsu. Namijin duniya, mai gadin da ya fi ƙarfin ƙofa. Ni malama ce, shekara ashirin da huɗu ina koya wa yara darasin 'yanci daga littafi, ina sa su haddace ma'anarsa don jarrabawa. Ban san nawa ake biya kafin yarinya ta rataya jaka ta fito titi ba tare da neman izinin mai bindiga ba, sai da na ga hannunka da idon da ya kamata.

Ranar Alhamis da ta wuce muka yi masa taron ban kwana. Mun tambaye shi me yake so a yi masa, ya ce abu ɗaya ne. A cikin su biyar ɗin nan, shi kaɗai ya rage. Yana so a kira sauran a gaban yara, da sunayen da suke kiran juna. Ya tsaya a gaban fili cikin tsohon kakinsa da ya yi masa yawa yanzu, ya kira da wannan muryar da muka ji sau ɗaya tak. Kofur Dogo. Likita. Mai Waƙa. Auta. Bayan kowane suna ya ɗan dakata, kamar yana jiran a amsa. Ba wanda ya shirya wa yara komai, amma da ya kira na biyu sai wata yarinya daga layin aji huɗu ta ce, "Mun gode." Na uku, makarantar gaba ɗaya ta ɗauka. Malamin lissafi ya juya baya yana share fuska da hularsa.

Mun gode, Baba. Iyayen yara ɗari shida sun gode, leburan nan da ya koma gida wajen matarsa ya gode, ni kuma tawa godiyar da kunya take tafe. Allah ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi, ya jiƙan abokanka, ya saka wa Inna da alheri bisa haƙurin da ta yi da kai da mu.

Ku kuma masu karatu, akwai irinsa a unguwarku. Yana gadi a ƙofar wani ofis, ko yana faci a bakin titi, ko yana zaune a ƙofar gida yana ɗingishi in ya tashi, kuna wuce shi kullum. Ku tsaya ku gaishe shi, ku zauna, ku tambaye shi inda ya yi aiki, in ya fara magana kar ku duba agogo. Abin da suka ƙwato mana kuma ba nasu ne su kaɗai su tsare ba. Wanda duk aka ba amanar aji, ko ofis, ko unguwa, ya tsaya a kanta tsakani da Allah, in ya ga ana so a rufe wa mutane baki ko a tsorata su su bar haƙƙinsu, ya yi magana tun da wuri.

Bayan taro Baba ya gaya mini matar Kofur Dogo tana nan da rai, idonta ya yi rauni, tana zaune da jikarta a wani gari mai nisan awa biyu. Sama da shekara ashirin, in ban da shi ba wanda ya taɓa taka ƙafa ya je ya gaishe ta a kan mijinta. Ranar Asabar za mu je, ni da mai shara da malamin lissafi, Baba zai nuna mana hanya. Ƙarfe takwas za mu tashi daga ƙofar makaranta, kuma akwai sauran wuri a mota.